Sammani da Buhunan Yashi

Sunansa Sammani Ɗayyabu Ƙofar Kwaya. Na fara saninsa a daminar 1998, a garejin Sada bakanike da ke bayan Ƙofar Kaura, yana kwance ƙarƙashin motarsa, ba a ganin komai nasa sai duga-dugai. Da hannuna na rubuta tarihinsa, domin irinsa ba su cika samun mai rubuta su ba.

Motar tsohuwar Fijo ce akori-kura, wadda ta girmi babban ɗansa. Aikinta kowace safiya shi ne ɗauko matan Fulani masu nono daga rugagen hanyar Batsari zuwa cikin birni. Babbarsu Hajjo, dattijuwa mai kaifin harshe, ita ke zama gaba. Sauran su jeru a baya, kowace da ƙwaryarta a cinya. Da wannan jigila Sammani yake riƙe da gidansa. Sai dai shi mutum ne da zama ke yi wa ƙaiƙayi. Ko shayi a tsaye yake sha, makullin mota na yawo tsakanin yatsunsa.

Da soja suka ce za su koma bariki, gari ya cika da alkawari. Wani mai neman kansila ya dafa kafaɗarsa ya ce, in Allah ya ba da nasara, duk simintin da za a yi kwalbatocin unguwa da shi motarsa ce za ta ɗauko. Tun daga ranar Sammani ya raina bayan motarsa. Sai ya zagaya ya danna da hannu biyu, ta lotsa ta taso, ya yi tsaki. Abin da ke ɗauke da nauyin bayan irin wannan mota shi ne sifirin, wato shimfiɗaɗɗun ƙarafa da aka jera wani bisa wani, makanikai na kiran kowanne ganye.

"Sada, ƙara mani ganye uku kowane gefe," in ji shi.

"Uku? Tirela za ka mai da ita, ko tankar yaƙin da soja za su bar mana?"

"Kai dai ƙara."

"Ina simintin?"

"Yana tafe."

"To, nonon da ke nan fa?"

"Nono ai ba shi da baki."

"Masu shi suna da," in ji Sada, ya jawo jak.

Aka ƙara. Mota ta ɗaga baya kamar raƙumi zai tashi, Sammani na ta zagayen ta yana murmushi. Washegari ya ɗauko su Hajjo. Ramin farko mota ta yi tsalle, faya-fayen rufi suka tashi. Kafin a shigo gari kindirmo ya tsinke, rabi a zane, rabi a ƙasan bodi. Hajjo ta sauko tana matse gyale.

"Kaɗo," ta ce, "kasuwa muka ce ka kai mu, ba mu ce ka kaɗa mana nono ba. In mai muke so, muna da gora a gida."

Da safe ya je bakin ruga, aka ce sun bi wata bas. Washegari ma haka.

Sammani ya rasa inda zai sa kansa. In ya cire ganyen, siminti na iya zuwa ya tarar da shi ba shiri, ga kuma dariyar Sada. In ya bar su, tukunyar gidansa ta huce. Ya je gareji ya dawo, ya sake komawa. Cikin wannan kai-komo wani ɗan kasuwa ya ba shi dakon gero zuwa Ƙofar Marusa. A hanya ya ji mota ta yi lumui, tana haɗiye ramuka kamar da. Ya taka birki a tsakiyar titi, ya fito ya tsura wa buhunan ido har na bayansa suka gaji da hon. Ashe ƙarfen, sai an danne shi yake laushi.

Ya sauke gero, ya zarce rafi ya cika tsofaffin buhuna da yashi, ya jera su a bodi, ya shimfiɗa tabarma a kai. Da asuba ya yi sallama a rugar su Hajjo, ya gaida ta, ya gaida shanu, sannan ya ce:

"Goggo, ki cika ƙwarya fal. In ɗigo ya zuba, kada ki sake kallona."

Ta hau baya da kanta, ta zauna bisa tabarma. Da suka iso Ƙofar Kaura ta ɗaga faifai, ta duba, ta rufe.

"Gobe kada ka makara," ta ce.

Matan suka dawo. Aka rantsar da farar hula, kansila ya hau kujera, yana kuma gaida Sammani da hon idan sun haɗu. Siminti bai zo ba. Mota na shan mai fiye da da, saboda yashin da take kaiwa ruga ta dawo da shi kullum. Sada ya sha yi masa tayin cire ganyen kyauta, a huta da dakon ƙasa.

"Bari dai mu ga bayan damina," Sammani kan ce, yana juya makulli.

Bayan damina na iske shi a gareji yana ɗinke bakin wani buhu da ya fashe, idonsa na kan titi. Rabona da shi ke nan: Asabar, 6 ga Nuwamba, 1999.