Kemis ɗin Maman Nasiha

Rekiya 'yar Keana ce. Ta taso tana taya mahaifiyarta dafa gishiri, har kawunta mai kemis a Obi ya ɗauke ta don ta riƙa tsare masa shago. A wurinsa ta koyi sayar da magani. Aure ya kawo ta Lafia, ta buɗe nata ɗan shagon a bakin hanyar Obi, kusa da inda masu doya ke sauke kaya. Kowa a unguwar Maman Nasiha yake ce mata.

Mace ce mai wuyar yarda. Ko dilan da ta daɗe da sani ya kawo kaya, sai ta juya kwali, ta duba ranar lalacewa, ta girgiza kwalba ta ɗaga ta a rana.

Wata damina jami'an ofishin duba magunguna suka shigo shagonta. Shugabansu, Malam Mu'awiya, mutum ne mai sanyin murya da fara'a. Bai yi mata tsawa ba. Ya nuna sirof ɗin zazzaɓin yara da ta yi shekara da shekaru tana sayarwa, ya ce gwaji ya nuna ba shi da kyau.

"Yallaɓai, me ke cikinsa?" ta tambaya.

"Hajiya, bar wannan a hannunmu. Ke dai kada ki ƙara ajiye shi."

Suka kwashe duka. Rekiya ta yi masa godiya da zuciya ɗaya, ta rufe shago ta bi gidajen da ta tuna ta sayar wa, tana karɓo kwalabe.

Ba a rufa mako ba sai ga wata budurwa, Cordelia, wakiliyar wani kamfanin magani. Tana shigowa ta nufi kantar da aka kwashe, ba ta ko waiwayi sauran ba, ta jera sabon sirof mai jan kwali.

"Wa ya gaya miki nan wurin ba kaya?" in ji Rekiya.

Cordelia ta yi dariya. "Mama, ai gari duka an sani."

Rekiya ta karɓi kayan, don iyaye na ta zuwa nema, amma abin ya tsaya mata a rai.

Bayan girbi ofishin ya kira masu kemis taron wayar da kai a wani otel. Jakar da aka raba, da hula, da biro, har ledar shinkafar rana, duk sunan kamfanin jan kwali ne a jiki. Manajan kamfanin na zaune kusa da Malam Mu'awiya, suna raɗa suna murmushi. Da aka ba da damar tambaya, Rekiya ta miƙe.

"Yallaɓai, wannan sabon, wa ya gwada shi?"

"Mu ne mana."

"To taron nan, ku kuka kira mu ko su?"

Aka bushe da dariya. Malam Mu'awiya ma ya yi, ya ce gwamnati ba ta iya komai ita kaɗai, dole a haɗa hannu. Sai dai kafin ta zauna ta ga ya sunkuya yana tambayar na kusa da shi, shi kuma yana nuna ta da haɓa.

Tana da ƙawa, Sewuese, mai kawo doya daga Adogi, wadda Hausa ba ta zauna a bakinta sosai ba. Wata safiya Sewuese ta zo da 'yarta goye, jikinta duk ya saki.

"Maman Nasiha, wannan magani naka mai jan kwali, yarinya ya sha, yana ta amai tun jiya."

Rekiya ta tsayar da mai babur ta tura su asibiti. Yarinyar ta warke. Amma cikin watan wasu iyaye suka zo da irin wannan ƙorafin. Ta ɗauki kwalba ta kai ofis da kanta. Malam Mu'awiya ya sa aka kawo mata lemo, ya saurare ta har ta gama, ya ce ruwan rijiya ne, lokacin nan yara na yawan amai. Kwalbar ya tura ta gefen tebur bai buɗe ba.

A hanyar gida ta yi ta juya maganar. Mai yiwuwa ruwan ne, ita ba likita ba ce. Amma wancan sirof ɗin rana ɗaya aka kwashe shi ba wanda ya kawo ƙara, wannan kuwa ga ƙara ta kai, ko leƙowa ba a yi ba. Ta sauke jan kwali daga kan kantar shago ta mayar wa Cordelia.

Daga nan jami'ai suka riƙa yawan zuwa shagonta. Yau a ce fanka ba ta isa ba, gobe a ce kantar magani ta yi kusa da ƙasa. Maƙwabcinta mai kemis ba a taɓa shiga wurinsa ba. 'Yarta Nasiha ta ce, "Inna, kin cika zargi, aikinsu suke yi."

Bara Malam Mu'awiya ya yi ritaya. Ba a jima ba wata farar mota mai tambarin kamfanin ta tsaya a ƙofar shagon. Shi ne ya fito, sanye da rigar kamfani, an ba shi shugabancin shiyya. A kujerar gaba kuma wanda ya gaje shi a ofis ne zaune, Luqman, yana danna waya.

"Hajiya, na zo da kaina. Ki dawo da kayanmu."

"Yallaɓai, tambaya ɗaya. Wancan na dā, da gaske ba shi da kyau?"

Ya gyara hula. "Ni yanzu ba na ofis. Ga mai ofis can, ki tambaye shi."

Ta dubi motar. Luqman ya ɗaga gilashin taga ya rufe.

Har yau Rekiya ba ta san gaskiyar ko ɗaya daga cikin sirof ɗin biyu ba. Jan kwali ya cika shagunan Lafia, nata ne kawai babu. Ciniki ya ragu, wasu iyaye sun koma maƙwabci. Waɗanda suka rage, in sun kawo yaro da zazzaɓi, takan taɓa goshinsa, ta ce a fara kai shi a gwada jini, sannan a dawo ta ga abin da aka rubuta.