Gayyar da Baba Ya Kira Saboda Hannun Tanimu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna, Allah Ya jiƙansa. Manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu na gefen Bagwai, inda gona ke jingine da gona. Amma har yau, duk lokacin da na ɗora na'urar motsa tsoka a jikin majiyyaci, shi nake tunawa.

Na gama karatun gashin ƙashi a shekarun da komai ya yi wuya: taki ya gagari talaka, fetur sai layi, wutar lantarki kuwa sai labari. A ƙaramin asibitin da aka tura ni akwai na'ura guda, mai aika ɗan lantarki ta fata don tsokar da ta daina aiki ta motsa. Da batirin mota nake tayar da ita, kullum ina lallaɓa ta kada ta mutu a hannuna.

A lokacin ne maƙwabcinmu Tanimu ya faɗo daga amalanke ya karye a damtse. Ƙashi ya haɗu, amma hannun dama ya saki daga wuyan hannu, ba ya iya riƙe fartanya, ga damina ta kawo kai, ga iyali. Danginsa suka yanke shawarar a yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi. Na roƙi a ba ni lokaci, na ce wataƙila jijiyar ta farfaɗo, in dai ba a bar tsokar ta bushe ba. Ban iya cewa tabbas ba, domin ban sani ba. Wa zai miƙa hannunsa ga lantarki a kan wataƙila?

Baba ya sa na kawo na'urar zaurenmu bayan La'asar. Ya naɗe hannun riga a gaban jama'a, ya ce, "Fara da nawa." Na kunna, yatsunsa suka miƙe ba da izininsa ba. Ya dubi Tanimu ya ce, "Tafiyar kiyashi ce kawai. Kai da ba ka tsoron ƙarfe ja, wannan ce za ta kore ka?"

Tanimu ya yi dariya, sannan ya ce, "Na yarda, Malam. To gonar fa? Na'urar ce za ta yi mini noman firi?"

Babu littafin da ya tanadar mini amsar wannan. Baba ne ya amsa ta, ya kira gayya. A al'adarmu mai gona ne ke kiran gayya ya ciyar da waɗanda suka zo, Tanimu kuwa rumbunsa ya yi ƙasa. Sai Baba ya kira ta da sunan kansa, aka dama fura da geronmu, aka nome gonar Tanimu, aka sake komawa lokacin maimai. Sharaɗinsa guda ne: kada Tanimu ya yi fashin zuwa asibiti.

Ya kamata in yi hattara a nan. Ba zan ce na'urar ce ta warkar da shi ba. Jijiya a hankali take farfaɗowa, da ikon Allah. Mu dai mun tsare tsokar, da lantarki da gashin ruwan ɗumi da motsa yatsu. Amma da kaka ta yi, na ga Tanimu ya ja igiya ya ɗaure damin gero da hannunsa na dama, ya ɗaga shi sama mutane na ta barka. Daga nan aka fara zuwa asibitin da ƙafa, ba sai an lallashi kowa ba.

Yau muna da wutar sola, na'urorin sun ƙanƙance har suna shiga aljihu. Ina jin da Baba zai gan su zai yi murna, sannan ya tambaye ni wa ke nome gonar majiyyacin. A gaskiya ba kullum nake da amsa ba, amma ba na fara gashi sai na tambaya, kuma ɗalibaina ma sun koya.

Ranar da Baba ya rasu, matasa suka ɗauki diga za su haƙa kabari. Tanimu, da furfurarsa, ya karɓe ta. Aka ce ya huta. Ya ɗaga hannun dama ya juya shi, ya ce, "Wannan nasa ne." Shi ya haƙa har ƙasa. Allah Ya kai haske kabarin.