Wa Zai Karanta Mana Takardun Italiya, Zunnuraini?

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Zunnuraini Lawali, kocin matasanmu na Jibiya, bayan jinyar kwana huɗu.

Zunnuraini, shekara goma sha ɗaya ka yi kana buga tsakiya a ƙananan ƙungiyoyin Italiya, ba ka taɓa wuce rukuni na huɗu ba, kuma ba ka taɓa ɓoye hakan ba. Ranar da na gayyace ka makarantarmu ka yi wa ɗalibaina jawabi, na so ka burge su. Sai ka nuna musu tabon aikin da aka yi maka a gwiwa, ka ce da safe kwandunan tumatir kake ɗauka a gona, da yamma ka je atisaye, ran Lahadi ka buga wasa gaban 'yan kallon da ba su kai na kasuwar Jibiya ba. Na ji kunya a ranar. Daga baya na gane alherin da ka yi musu.

A filin ƙwallo abu ɗaya kake nanatawa: ɗan tsakiya ya waiga kafin ƙwallo ta iso gare shi. Haka kake yi da takardu. Duk matashin da wani dillali ya kawo wa takardar gayyata daga wata ƙungiyar Italiya, wurinka yake kai ta. Ka karanta, ka buga lambar da ke jiki a gaban iyayensa, ka yi magana da Italiyanci. Takarda tara ka karanta, babu ta gaskiya ko ɗaya. Wata lambar ma ta shagon gyaran taya ce. Ka yi dariya ka ce wa mahaifin yaron, "Baba, in faci kake so ya koya, ai ga masu faci nan a tasha, ba sai ya bi ta Agadas ba."

Ranar sadakar ukunka na ga dillalin da ke kawo takardun nan, mai farar mota, zaune a kan tabarmar gaisuwa. Shekara biyu bai shigo garin nan ba saboda kai. Ya yi addu'a mai tsawo, ya tashi ya ja Rabe gefe, Raben da ka ce ya fi ka iya raba ƙwallo.

Washegari Rabe ya kawo mini ambulan. Ya ce, "Malam, kai ma ai ka yi boko, duba min."

Na juya takardar, ga hatimi, ga sa hannu, ban gane komai ba sai sunansa. Na roƙe shi ya ba ni mako guda in nemo mai karantawa. Ya ce motar Maraɗi ba ta jiran mako.

Yau kwana biyu bai zo atisaye ba. Mahaifiyarsa Talatu ta ce takalman ƙwallonsa ba sa inda yake rataye su. Takardar tana aljihuna.

Allah Ya jiƙanka, Zunnuraini, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Ummusalma da 'yarka Mufida da dukkan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri. Rabe kuma, duk inda yake a kan hanya, Allah Ya sa ya waiga.