Ƙarar da Umma ba ta taɓa ji ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Hajiya Hauwa, kuma bana abin da ya dawo mini da ita wani ɗan akwati ne a saman ƙofar shago.

Lokacin da Baba yake karatunsa a Manchester, ni da ƙanena Sadiq muna sakandare. In an tashi makaranta mukan tsaya da sauran yara a gaban wani shago a Rusholme, muna cin chips muna jiran bas. Wata rana mai shagon ya maƙala na'ura a bango. Ƙara take yi siririya, kamar ana zura maka allura a kunne, kuma yara kaɗai ke jin ta, kunnen babba ba ya kama ta. Don a kore mu aka sa ta.

Sadiq ya riƙa dawowa gida da ciwon kai, har da amai. Baba ya bi ta wurin, ya ce shi bai ji komai ba. Likita ya duba kunnen Sadiq, ya ce lafiya lau.

Umma ce ta ɗauki mayafinta ta ce mu kai ta. Ta tsaya a ƙarƙashin akwatin ta daɗe, tana kallon yadda muke yamutsa fuska.

"Ni ban ji komai ba," ta ce, "amma na ga idanunku."

Ta shiga shagon da ɗan Turancinta. Mutumin ya ce ba don 'ya'yanta ya sa ba, don yaran banza ne. Ta tambaye shi ta yaya akwatin ke gane ɗan banza da ɗan kirki. Ya ƙi cire akwatin.

Washegari ta ce mu taho da abokanmu gida. Ƙaramin flat ɗinmu na Whalley Range ya cika da 'yan Somaliya, 'yan Pakistan, har da Turawa, suna zaune a ƙasa suna cin shinkafa da wake da mai da yaji. Maƙwabta suka kai ƙara, mai gidan da muke haya ya ce mu tashi. Baba ya yi fushi ƙwarai. Muka koma wani gidan, ta ci gaba da ɗora babbar tukunya.

Yanzu ina aiki a Birmingham. Watan jiya, kusa da wata tashar jirgin ƙasa a unguwar Edgbaston, 'yata Ummi ta toshe kunnuwanta tana cewa, "Mummy, it hurts." Na ɗaga kai, sai ga irin akwatin nan. Na kasa kunne, shiru. Kunnena ya tsufa. A cikin jirgi na yi ta kuka, yarinyar tana ba ni haƙuri ba ta san dalili ba.

Da Umma na raye, na san za ta yi mamakin cewa har yau ana korar yara kamar ɓeraye, ba wanda ya tambayi ina za su je.

Ba ta bar gida ko fili ba, kuma ba ta ga Ummi ta yi wayo ba. Amma Sadiq ya ce duk lokacin da ya je ziyara maƙabarta, yakan tarar an cire ciyawa, an ajiye furanni a kan kabarinta. Mu ba ma ajiye wa mamaci fure. Har yau ba mu san wanne ne cikin yaran da ta ciyar ba.

Allah Ya jiƙan Umma.