Gambar Iyakar Gonarmu

Ni mutum ne mai surutu, wannan kowa ya sani a makarantar da nake koyarwa a Bodinga. In aka ba ni benci da kofin shayi, sai an tashe ni. Bakina ya sha ja mini, amma bai taɓa sa ni gumi irin na wata Juma'a ba, ranar da wasan barkwancin nan na talabijin ya dawo bayan ya shekara shida ba a nuna shi.

Wasan na wasu mutane huɗu ne da ke zaune gidan haya ɗaya, kuma babu na kirki ko ɗaya a cikinsu. Kowane mako sai sun ƙulla yadda za su cuci wani, su ƙare da cutar junansu. Ba su bar kowa ba, boka da ɗan siyasa da dillali da mai unguwa duk sun sha a hannunsu. Manyan 'yan wasan biyu ne, wani siriri mai jar hula da wani mai ƙaton tumbi. Babana yakan ce wasan 'yan iska ne, amma in lokacinsa ya yi ko baƙo ya zo sai dai ya zauna a kalla da shi.

Da can tare suke kallo da ƙanensa, Baffana, a zauren gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Shagari. Gonar gado ce ta raba su. Da kakanmu ya rasu aka tsaga gonar tudu biyu, aka dasa gamba a tsakani, kamar yadda ake yi a wajenmu, don ita ce ciyawar da ba ta mutuwa da rani. Bayan wasu shekaru Baba ya lura iyakar ta shigo cikin gonarmu ta bakin gabas. Aka yi fako aka kama Baffa da hauya, ya tono gindin gamba da ƙasarsa ya matsar da shi taku guda, ya cike tsohon ramin, ya koro awakinsa suka tattake wurin. Maganar ta kai gaban maigari. Daga ranar suka daina ko gaisuwa, shekara tara cur. Ni kuwa na fi Baba ɗaukar zafi. In na hango Baffa tafe da ɗan ɗingishinsa, wanda ya samu tun da amalanken shanu ya taka masa ƙafa, sai in canja hanya.

Wata rana a wurin wani biki a Sakkwato na haɗu da abokina na kwaleji, wanda yake cikin masu rubuta wasan. Hira ta yi daɗi, na kwashe labarin kaf na ba shi. Ban tsaya nan ba, na miƙe na kwaikwayi tafiyar Baffa yana kora awaki, mutane na ta faɗuwa da dariya. Don in nuna masa bambancin mutanen biyu har na ƙara da cewa, duk da wannan cuta, Babana bai fasa alheri ba. Kowace shekara shi da kansa yake ɗaukar kwandon kashin awaki ya je ɗaya bakin iyakar, na yamma, ya zuba a bayan gamba, ta ɓangaren ƙanensa. Na tuna abokin nawa ya dube ni ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, ina alfahari.

Sai ga shi bana Gwaggonmu, yayarsu su biyu, ta kwanta ciwon ajali. Ta sa aka kira su, ta haɗa hannayensu a kan ƙirjinta, ta ce ba ta yafe wa duk wanda ya fara saki ba. Bayan kwana biyu ta cika. Maigari ya ce a bar iyaka inda take, kada wanda ya sake tayar da zancen. Sulhun nan ɗanye ne sharaf, mako uku kacal, gaisuwa ce kawai a ƙofar masallaci, kowa na sunkuyar da kai.

Ranar Alhamis Baba ya kira ni a waya.

“Ka taho gobe ka daidaita muna akwatin ga,” in ji shi. “An ce 'yan iskan nan sun dawo. Na aika ma Baffanka, tare za mu kallo.”

Na ji daɗi har raina. Shekara tara Baffa bai taka zauren nan ba. Ina cikin murnar ne wani malami ɗan'uwana ya miƙo mini wayarsa in ga tallar wasan da ake ta yawo da ita. Daƙiƙa kaɗan ce. Mai jar hula ne a gona, riƙe da hauya, yana waige-waige kusa da gindin gamba. Da ya juya zai tafi sai na ga yana jan ƙafar hagu.

Na fita bayan aji na kira abokin nawa, ban ko amsa gaisuwarsa ba na hau shi da faɗa. Ya ce an riga an miƙa wa tashar, babu yadda za a yi. Ya ce, “Kai dai ka kalla har ƙarshe.” Na ce masa Allah ya isa, na kashe wayar. Shi na zaga, amma na san ko waye ya miƙe a tsakiyar biki yana jan ƙafa.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a na hau babur na nufi Shagari. Ƙarfe biyar za a fara. Duk tsawon hanya ina shirya ƙarya ina rushewa. Da na isa na duba batirin sola na ce ai bai cika ba. Baba ya ce tun asuba ya hana kowa sa cajin waya, kuma rana ta kwana biyu tana dukan farantin solar. Na hau katanga na karkata eriyar talabijin zuwa yamma, hoto ya dinga yayyafi. Ya leƙo daga zaure ya ce, “Maida ta gabas, ni na san inda taka kamawa.” Na mayar. Tsoho ya sa an share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ya fito da buzun da yake sallar Idi a kai ya ajiye gefensa. Ban taɓa ganin yana rawar jiki a kan baƙo haka ba, abin ya ƙara karya mini zuciya. Na durƙusa zan faɗa masa gaskiya, na buɗe baki ke nan sai muka ji sallama.

Baffa ne, da farar riga wadda aka goge, yana dogara sanda. Maƙwabta uku suka biyo bayansa. Baba ya nuna masa buzun, ya ɗan yi jim kafin ya zauna. Na gaishe shi daga inda nake tsaye, ya amsa bai ɗago ba.

Kiɗan buɗe wasan na tashi duk suka yi murmushi, har Baffa ya ce mai tumbin nan ya ƙara ƙiba. Labarin ya fara: wani tsoho ya mutu ya bar wa mai jar hula da mai tumbi gona, aka raba musu, aka dasa gamba. Tun daga nan na ji maƙwabcinmu ɗaya ya yi gyaran murya. Sai ga mai jar hula da hauya bayan ruwan farko. Ya tono gamba da ƙasarta. Ya auna taku guda. Ya cike rami. Sannan ya koro awaki, yana bin su yana jan ƙafar hagu, kafaɗa ɗaya a sama, daidai yadda na nuna a Sakkwato, ko kuskure babu.

A cikin akwatin ana ta dariya, a zaurenmu kuwa ko tari babu. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce bari ya duba jakinsa, ya fita bai dawo ba. Na ga Baffa ya janye ƙafar nan a hankali ya cusa ta ƙarƙashin riga. Wannan ɗan motsin ya fi mari zafi a wurina. Baba ya kafe ido a kan akwatin, jijiyar wuyansa ta miƙe.

“Ɗan wasan ga ya iya tahiya,” in ji Baffa, murya ƙasa-ƙasa. Sai ya juyo ya dube ni. “Ko wa yak koya mishi?”

Aka tafi talla, wata mata tana yabon sabulu. Baffa ya jawo takalmansa, ya kai hannu ga sanda. Na san in ya ƙetare dokin ƙofar nan, sai dai kuma a haɗu a jana'izar ɗayansu, kuma ni ne sanadi. Baba ya ɗora hannunsa a kan sandar.

“Hura na tahe,” ya ce.

“Na ƙoshi, Yaya.”

“Ba a tashi gidan ga ba a sha hura ba. Kuma ka san alkawarin da munka ɗaukam ma yayarmu.”

Baffa bai saki sandar ba, Baba ma bai saki ba. Haka suka zauna, hannu biyu a kan sanda ɗaya, har tallar ta ƙare.

Da aka dawo sai ga mai tumbi a ɗaya bakin gonar, da kwando a ka. Ya dubi masu kallo ya ce sakarai ne ke tonon gamba, mai hankali lallaɓa ta yake yi ta tafi da ƙafarta. Ya zazzage kashin awaki a bayan gindin, ta ɓangaren ɗan'uwansa. Ya zagayo ta nasa ɓangaren ya sassare saiwar da hauya. Ya ce ciyawa inda abinci yake take bi, kowace damina za ta tofo ta can ta mutu ta nan, shekara goma sai ka ga iyaka ta yi tafiya, ba wanda ya taɓa ta. Wani mai wucewa ya tsaya yana sa masa albarka, wai ga mutumin kirki yana yi wa gonar ɗan'uwansa hidima. Mai tumbi ya sunkuyar da kai ya ce ai zumunci ne.

Kwandon nan na san shi. Shekara nawa ina kallon Baba yana ɗaukarsa zuwa bakin iyakar na yamma, yana hana kowa taya shi, ni kuma ina yawo gari-gari ina ba da labarin alherinsa. Abokina ɗan manoma ne, tun a wurin bikin ya gane abin da ni ɗan gidan ban gane ba. Na juya na dubi Baba. Ya saki sandar, yana tsintar wani abu da babu shi a kan tabarma.

Kafaɗun Baffa suka fara rawa. Da farko na ɗauka kuka ne. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban ji ba tun ina saurayi, yana yi yana dukan buzun, hawaye na bin gemunsa.

“Yaya,” ya ce da ƙyar, “nawa dai kowa ya sani, har maigari. Naka hwa, wa yag gaya musu?”

Maƙwabtan da suka rage suka ƙura wa rufin zaure ido. Na ji tsoro ya sake kama ni, don na san zuciyar Babana, bai taɓa amsa laifi a gaban mutane ba. Aka shigo da ƙwaryar fura aka ajiye, ba wanda ya taɓa ludayi. Can Baba ya ja numfashi.

“Taku biyu na,” in ji shi.

“Ukku. Na auna bara.”

“Biyu da rabi.”

Ya ɗauki ludayin ya miƙa wa ƙanensa. Baffa ya karɓa ya sha.

Su dai sun gama nasu, kowa ya san abin da ya ci. Ni ne na rage. Shekara tara na hana mutumin nan gaisuwata, na mai da ƙafarsa abin dariya a gaban baƙi, duk a kan ina tsammanin gidanmu ne masu gaskiya. Na rarrafa na durƙusa gabansa, na ce Baffa ni ne, ni na ba da labarin, a yafe mini.

Ya ajiye ludayin, ya share gemunsa da bayan hannu. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya fito da ƙafar daga ƙarƙashin riga ya miƙe ta a gabana, na ga tabon da ban taɓa tsayawa na duba ba, daga idon sawu har ƙwauri.

“Na sani,” ya ce. “Tashi ka yi muna tahiyar nan, in gani ko ka hi ɗan wasan iyawa.”

Ya zauna yana jira. Na kasa tashi.