Ƙuri'ar da Na Kashe wa Babana

Babana, Clarrie Doolan, shekara arba'in ya yi yana gyaran layin dogo a yammacin jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya. Zaɓe a wurinmu dole ne, wanda ya ƙi fita a ci shi tara, amma shi ko ba dole sai ya je, cikin kwat ɗinsa ɗaya tilo ta zuwa coci. Ɗan jam'iyyar ƙwadago ne har ɓargo. Da na auri manomin alkama na koma jam'iyyar manoma, sai ya laƙaba mini "Uwar Gona".

"Uwar Gona, bana ma tumaki za ki yi wa kamfe?"

"Ai sun fi 'yan jam'iyyarku hankali, Baba."

Ya yi ta dariya har da tari.

A zaɓensa na ƙarshe ya haura tamanin, hannunsa na rawa. 'Yan takara bakwai ne, kuma sai ka jera wa kowa lamba, ɗaya zuwa bakwai. Lamba ta maimaitu, ƙuri'a ta lalace. Mako guda ya yi yana gwada lambobi a bayan ambulan, ina gani. Na ce ya bari in shiga in rubuta masa.

"Ke? A ba kura ajiyar nama?"

Tazarar ƙuri'u ta zo kaɗan, aka sake ƙirga ranar Talata. Ni ce wakiliyar ɗan takararmu a wurin ƙirgar. Ba ma taɓa takarda, namu ido, in mun ga aibi mu yi magana. Ana cikin duba ƙuri'un rumfar zaɓen garinmu sai ga ta Baba. Kallo ɗaya na gane hannun. Lamba ɗaya da ya rubuta ta karkace ta yi ƙugiya, ta so ta yi kama da bakwai. Na san abin da yake nufi sarai, amma bakina ya riga ni.

"Wannan bakwai biyu ne."

Jami'in zaɓe ya ɗaga ta, ya juya, ya ajiye ta cikin lalatattu. Muka ci da ƙuri'a ɗari biyu da ɗoriya. Kaico, ko buƙatarta ba mu yi ba! Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Lahadi na kai masa gasasshen naman rago. Ya taya ni murna, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Noelene, kina ganin tawa ta shiga kuwa? Hannun nan ya so ya ba ni kunya."

"Ta shiga, Baba."

Ya saki ajiyar zuciya, ya jawo faranti.

"Dama na faɗa wa mutanenmu su kwantar da hankali. Na ce 'yata na wurin, ba wanda za a cuta."