Ƙasimu na Zandam, Wanda Bai Iya Faɗuwa Ba

Shekara ashirin da biyu na yi ina rataye da ganga a bayan Ƙasimu na Zandam, saboda haka in na ce mutumin nan taurin kai gare shi, ba a bakin kasuwa na ji ba. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a bayan gari, a shekarun nan da mutanen Ningi ke kawo hari har ba a yarda a yi gona da nisa. Amma da zarar an ɗaure damin ƙarshe, sai ya ɗaura walkinsa mu shiga garuruwa kokawa. Daga Sara har Birnin Kudu ba wanda ya taɓa kai ko gwiwarsa ƙasa. Ni na yi masa kirarin da ya bi shi har kabari, cewa bayansa bai san ƙasa ba. Da na san abin da kirarin nan zai haifar, da na haɗiye abina.

Da furfura ta fara fito masa sai ya bar shiga fage, ya share fili a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana koyar da samari. Ya iya koyarwa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kamun ƙugu, taɗiya, yadda za ka gane inda mutum ya aza nauyinsa tun bai motsa ba, duk ya ba su bai ɓoye komai ba. Abu ɗaya ya hana. A sauran garuruwa, sabon ɗan kokawa kan yi kaka guda ba abin da ake koya masa sai faɗuwa: ya saki jiki, ya sa haɓa a ƙirji, ya sauka a kan kafaɗa ya mirgina. Ƙasimu ya ce wannan koya wa mutum abin kunya ne. Gaskiyar magana shi kansa bai iya ba, don bai taɓa buƙata ba. Ya kuma kafa doka cewa duk wanda aka kayar a bainar jama'a kada ya ƙara taka gindin tsamiyar nan. Mutum huɗu ya kora a kan haka, ina kallo.

Gwaninsa shi ne Barau, ɗan ƙanwarsa Batulu, wanda shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yanta bakwai. Barau maraya ne, kuma bai san wani abu a duniya da ya kai kawunsa ya dube shi ya gyaɗa kai ba. Shekara biyar yana shiga fage ba a kayar da shi ba.

A kaka ta shida muka je Kangire. Aka haɗa shi da Maikuɗi, wani maƙeri mai ƙirji kamar turmi. Sun daɗe suna juya juna, can Maikuɗi ya sami ƙugunsa ya ɗaga shi sama. Duk wanda ya san kokawa ya san an gama, saura a sauka lafiya a karkaɗe ƙasa. Barau kuwa sai ya sandare, ya murɗa a sama yana neman dira da ƙafafunsa. Da tsakiyar baya ya sauka a kan gwiwar Maikuɗi. Na ji ƙarar duk da gangar da ke hannuna.

A kan ƙyaure muka kawo shi gida. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, malamai sun yi addu'a, amma ƙafafun ba su ƙara motsi ba. Batulu ba ta zagi wanta ba. Gaisuwa kawai take yi masa, kuma ba ta wuce gaisuwa ba har ta bar duniya.

Bayan sati uku Ƙasimu ya taka har Sara wajen Ɗanbala, ɗan kokawar da aka fi kayarwa a ƙasar nan, wanda ni kaina na sha yi wa habaici da ganga. An kayar da Ɗanbala ba adadi, amma ko targaɗe bai taɓa yi ba. Ƙasimu ya roƙe shi ya koya masa faɗuwa, da rana tsaka, mutane na kallo. Ɗanbala ya yi ta kayar da dattijon, shi kuma yana tashi yana cewa a sake. Wasu sun yi dariya. Ni kuka na yi.

Daga nan ya buɗe fili ga kowa, har waɗanda ya kora ya aika aka kira, biyu suka dawo. Samarin da ya horar bayan haka ba su yi sunan na farko ba, ana kayar da su kamar kowa, amma duk sun tsufa a kan ƙafafunsu. Ƙasimu ke noma gonar Barau, shi ke goya shi kowace safiya ya kai shi inuwa ya ga masu koyo. Shekara tara ana haka.

A daminar da jikin Barau ya rikice, na je duba shi da hantsi na tarar da Ƙasimu yana juya shi a tabarma. Barau ya riƙe hannunsa ya ce, "Kawu, ran nan a Kangire na ji jikina yana so ya saki, ni na hana shi. Da na faɗi na tashi lafiya, da ka bar ni na dawo gindin tsamiya?"

Na yi wa Ƙasimu ido ya faɗi abin da zai sanyaya wa mara lafiya rai. Bai ko dube ni ba. Ya ce wa Barau, "Da ban bar ka ba."

Barau ya saki ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. Ya ce, "To alhamdulillahi. Shekara tara ina tsoron kada a ce a banza na karye."

Ƙasimu ya fita ya tsuguna a bayan rumbu, muna jin kukansa daga ɗaki. Bayan kwana uku muka binne Barau.